Tunkuza ko kuɗi: da wanne zan biya mai injin?

Mai man gujiya, unguwar Zariya, Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sayen gujiya tiya-tiya wajen manoman Madarunfa, in kai a ɓare, in soya, sannan in kai injin markaɗe. Man nakan ba masu ƙosai da masu tuyar awara. To mai injin ya ce in daina biyan shi kuɗi, in bar mashi tunkuza. Akwai riba ciki?

Mai kiwo, Tibiri:
Hajiya, kar ki yarda. Da rani, ciyawa ta ƙare, mu masu turka raguna har layi muke yi neman tunkuza. Shi ma mu zai saida wa.

Mai ƙuli-ƙuli:
Yaya, tunkuzarki ai ita ce jarina. Kawo mani, in biya ki hannu da hannu. Amma don Allah ki cire baƙar gujiya kafin markaɗe, ɗaci gare ta, masu kilishi suna maido mani kaya.

Mai injin:
Ku ji namu uzurin kuma. Gazuwal sai da kuɗi, haƙorin injin ya cinye sai an aika Katsina. Masu man gujiya kuwa kullum "sai na saida". Hajiya, in za ki biya nan take, riƙe tunkuzarki.