Muhawara Kan Akwatin Imel Na Kyauta A Shafin Ƙungiya

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina da ƙorafi a kan 'yan ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai. Na buɗe wa kowa akwatin imel kyauta a shafinmu, adireshi mai ɗauke da sunan makarantarmu, amma jama'a sun yi biris da shi, sun liƙe wa Gmail da Yahoo kamar da su aka yanke musu cibiya. Ita ma Hotmail, wata hidimar imel, da kyauta ta fara a 1996, kuma a ƙarshen 1997 Microsoft ta saye ta da kimanin dala miliyan 400. Da muna da kishin namu, da ba a bar akwatinmu ya zama kango ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Habu, ba don raina ƙoƙarinka ba, amma ka daina cewa kyauta. Kuɗin sabunta sunan shafin da kuɗin hayar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, duk shekara daga asusun ƙungiya suke fita, kuma ni nake sa hannu a kansu a matsayina na ma'aji.

Alhaji Ɗanjuma: Hajiya, in da wannan ma'auni za a bi, babu kyauta a intanet gaba ɗaya. Gmail ta fito a 2004 da wurin ajiya na gigabait ɗaya, yau tana ba da 15, kuma talla ce ke ciyar da Google. Duk da haka kowa kyauta yake kiran ta, ban taɓa jin kin yi gardama ba.

Hajiya Rabi: Alhaji, Google ba ta taɓa aiko mini da takardar neman kuɗi ba, shi kuwa shafin nan yana aikowa.

Injiniya Musa: Yayyena, ku bar ni in faɗi abin da ya sa na daina amfani da akwatin. Wasiƙun da ke fita daga cikinsa suna faɗawa cikin tarkacen spam, wato wasiƙun banza, domin ba a saita SPF da DKIM ba, waɗanda su ne shaidar cewa wasiƙa daga gidan da ta ambata ta fito, kuma tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara wannan sharaɗi. Ban da haka, duk mai riƙe da sabar yana iya buɗe akwatin kowa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 da ta ɗora alhaki a kan mai ajiye su.

Malam Habu: Musa, wato ni kake zargi da leƙa wasiƙun mutane? Da ka shigo aji ɗaya, ni ne shugaban ɗakin kwananku.

Alhaji Ɗanjuma: Tunda an taɓo asusu, ina roƙon Hajiya ta kawo mana bayanin kuɗin bara, wanda aka yi ta ɗagawa daga wannan taro zuwa wancan.

Hajiya Rabi: Bayanin yana hannun sakatare tun kafin azumi, sai a tambaye shi.

Sakatare: Jama'a, na rufe wannan zance. Abin da na fahimta shi ne, akasarin mambobi sun yaba da hidimar Malam Habu, wanda ajinmu ɗaya kuma na san sadaukarwarsa, kuma an yarda akwatin kyauta ne tunda ba a karɓi ko kwabo a hannun kowa ba wajen buɗewa. 'Yan gyare-gyaren da Musa ya ambata ƙananan abubuwa ne, shi da ya gano su sai ya gyara. Batun asusu kuma a bari sai taro na gaba.