Kwana uku a Habana: daga ina za mu fara?

Maman Likita: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ɗana zai kammala karatun likitanci a Kyuba, ni da mahaifinsa za mu je bikin yaye su in sha Allahu. Kwana uku muka ware don zaga Habana, babban birnin ƙasar. Waɗanda suka san garin, daga ina za mu fara? Ya kuma batun sallah da abinci?

Tsohon Ɗalibi: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ranar farko ku ba tsohon gari, kuma da ƙafa, don mota ba ta da amfani a lungunansa. Ku fara daga dandalin Plaza de Armas. A gefensa akwai ɗan gini mai suna El Templete da bishiyar rimi a gabansa, irin rimin da muka sani, nan ne ake tunawa da kafa garin a 1519. Gaban fadar gwamnonin Sifaniya kuma ku dubi ƙasa, da katako aka shimfiɗa titin. Ana cewa don kada ƙarar keken doki ta tashi gwamna daga barci. Daga dandalin ku shiga titin Oficios, nan Masallacin Abdallah yake, wanda aka buɗe a 2015. Ku daidaita ya zama Juma'a. Za ku ga 'yan Kyuba da suka musulunta sahu ɗaya da ɗaliban Afirka, har yau ina kewar wurin.

Hajiya Babba: 'Yar'uwa, abinci ne wurin lura. Naman alade shi ne namansu, kuma shinkafa da waken da suke kira kongiri sau da yawa da kitsensa ake dafawa. Ki sa yaronki ya tambaya kafin a zuba. Ni kifi na riƙe, da ƙwai da soyayyar ayaba. Suna da kuɓewa ma. Ki tafi da yajinki, girkinsu ba barkono.

Ɗan Maraɗi: Da magariba ku haye ganuwar La Cabaña. Kullum ƙarfe tara na dare ake harba igwa, al'adar da ta samo asali tun lokacin da ake rufe ƙofofin gari. Ingila ta ƙwace Habana a 1762, bayan garin ya dawo hannun Sifaniyawa ne suka gina ta.

Tsohon Ɗalibi: Igwar tana da kyau, yallaɓai, amma ni da a ce dare ɗaya gare ni, Malecón zan kai su. Katanga ce ta bakin teku, kusan kilomita 8. Rana na faɗuwa sai gari ya fito: masunta da ƙugiyoyinsu, matasa da jita, mata masu gyaɗa a ƙunshin takarda suna rera tallarsu. Ki sayi ƙunshi ɗaya, Hajiya, ki zauna kawai. A unguwannin bayanta za ki ga tsohuwa ta zuro kwando da igiya daga bene, mai burodi ya ɗauki kuɗi ya saka mata, ta janye.

Maman Likita: Kai, madalla. Tsofaffin motocin nan na Amurka fa?

Ɗan Maraɗi: Iri biyu ne. Masu sheƙi da ke jere kusa da Capitolio, wato ginin majalisa, na 'yan yawon buɗe ido ne, a yi ciniki kafin a shiga. Ni ban yi ba, na biya ninki. Na haya kuwa, almendrón, kamar tasin gida suke, hanya ɗaya suke bi suna ɗauka suna saukewa. Kada a buga ƙofa da ƙarfi, direbobin ba sa so, don motar ta haura shekara sittin.

Hajiya Babba: Ki riƙe tsabar kuɗi, da fitila mai caji saboda ɗauke wuta, da duk maganin da kuke sha, don samunsa a can wuya ne. In kin isa layi, tambaya ake waye na ƙarshe, sai ki riƙe fuskarsa. Za ki kuma ga masu fararen kaya tun daga kai har ƙafa, har da farar lema. Mabiya addinin gargajiya ne da ya je can da bayin Yarbawa. Kada ki ɗauke su hoto.

Maman Likita: Na rubuta duka, Allah ya saka da alheri. Juma'a masallaci da tsohon gari, Asabar bakin teku. Alhaji ya ce igwar nan sai ya ji ta da kunnensa, don haka Lahadi tasa ce.