Ina jin sauti amma bana gane magana, wa ya taɓa shiga wannan halin?

Maman_Haidar:
Slm ƴan uwa, don Allah shawara nake nema. Shekaruna 44, kwanan nan kunnena ya fara nauyi, ba wai bana ji kwata-kwata bane, ina jin ana magana sarai amma kalmomin sai su cakuɗe min musamman in mutane sunyi yawa ko fanka na juyawa. Muryar maigida ina ɗan kamawa, ta yara da ta mata ce take ɓace min. Abinda yafi ci min rai yanzu na koma sai murmushi da gyaɗa kai, a faɗi magana kowa yayi dariya nima inyi ban san me aka ce ba, a wajen aiki har an fara cewa girman kai gareni wai ana min magana ina share mutane. Da daddare kuma wata ƙara nake ji siiii bata tsayawa. Na'urar nan da ake maƙalawa a kunne tana aiki da gaske? Don ance in ka fara sawa kunnen ƙarasa mutuwa yake. Sannan ya kuke gaya wa mutane ba tare da an laƙaba muku kurma ba?

Abu_Safwan:
Wslm Hajiya, Allah ya baki lafiya. Ni na daɗe ina sawa, aikin injina a masana'anta ne ya cinye min kunne, lokacin ba mai ce maka ka toshe. Maganar wai tana kashe kunne ba gaskiya bace in dai gwaji aka yi miki aka saita ta daidai da jinki. Abinda ke faruwa shine in kika saba da ita sannan kika cire, sai kiga shirun yayi yawa, alhali dama haka kike ji tun farko kin manta ne. Amma ki shirya wa makonnin farko, wlh ba daɗi. Takarda in aka motsa sai kiji kamar a cikin kanki ake yaga ta, takun takalminki, taunarki, har muryarki sai ta zama baƙuwa. Da yawa anan suke jefa ta a durowa. Ƙwaƙwalwa ce ta daɗe bata ji waɗannan sautukan ba, ki riƙa sawa a gida tukuna kina ƙara lokaci a hankali, kuma ki koma a sake saita miki in wani sauti na damunki. Ki guji ƴan abubuwan da ake talla a intanet masu ƙara komai da komai, hayaniya kawai zasu ƙara miki. A taro har yanzu ina wahala, bazan ɓoye miki ba, amma na daina gudun mutane.

Ɗan_Baiwa77:
ki gwada ɗiga man zaitun da ɗumi, ƙila datti ne kawai ya toshe

Sister_Jummai:
Ɗan_Baiwa don Allah a bar ɗiga abu a kunnen da ba'a leƙa ba, in dodon kunnen ya huje matsala za'a ƙara mata. Eh datti yana toshewa, likita zai gani cikin minti ɗaya, amma yadda ta kwatanta yafi kama da na can ciki.

Ƴar uwa ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke karɓar sauti, masu karɓar siririn sauti su ke fara lalacewa kuma basa sake tsirowa. Shi yasa s, f, sh, t suke ɓace miki, kina jin amon magana amma ba kya rarrabewa, kuma shi yasa muryar yara tafi wuya. Ƙarar da kike ji da daddare ma sau da yawa tare suke zuwa. Ki nemi a miki gwajin ji, za'a sa miki abin kunne a ɗaki shiru kina danna maɓalli duk sanda kika ji sauti, ba zafi. Ki gaya musu in an taɓa miki allurai irin gentamicin ko streptomycin, ko kin taɓa sanƙarau, ko kina da suga, ko akwai mai irin haka a dangi. Kuma ba ke kaɗai bace, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 yace sama da mutum biliyan 1.5 ke da raguwar ji, miliyan 430 a ciki suna buƙatar kulawa. Ƙarar da ta kai decibel 85 (decibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) in mutum yana wuni a cikinta kullum tana lalata kunne, to masu ƙure iyafis a kula.

Abu ɗaya da nake so duk mai karantawa ya riƙe: in ji ya ɗauke farat ɗaya, ka tashi da safe kunne ɗaya ya mutu, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a ranar, don maganin yafi aiki a kwanakin farko.

Bintu_M:
Mahaifiyata ce ke fama. Mu da muke tare da masu wannan lalurar mu ma da gyara a wajenmu. Ihu baya taimakawa, yana ma ƙara dagula maganar ga kuma cin fuska. Abinda ke mana aiki, in taɓa kafaɗarta ta juyo, in fuskance ta inda haske ke fuskata, in kashe talabijin, in bata gane ba in canza kalma maimakon in ta nanata guda ɗaya. Kuma mun haramta "bar shi kawai ba komai" a gidan, ita tace wannan maganar tafi komai yi mata ciwo. Batun gaya wa mutane Anti, ki faɗa da bakinki tun kafin a fara hira, "kunnena yana da matsala, ki kalleni in zaki min magana". Masu cewa girman kai ne su zasu ji kunya.

Maman_Haidar:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri. Sister lallai an taɓa min allurai masu yawa lokacin da na kwanta asibiti bayan haihuwa, ban san sunansu ba amma zan nemo katin in tafi dashi. Malam Abu_Safwan tambaya ɗaya, kunne biyu kake sawa ko ɗaya ya isa? Don na hagu yafi min nauyi.

Abu_Safwan:
Biyu nake sawa, da ɗaya bana gane ta ina ake kirana. Amma gwajin ne zai nuna naki Hajiya, kije da maigidan ko babban ɗanki yaji bayanin likita da kunnensa.