Ina shirwa ke zuwa in ta ɓace mana?

Mai_Kallon_Sama:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin tsuntsaye ku taimaka min. Na daɗe ina lura da shirwa da shaho, wani lokacin sama ta cika da su suna ta shawagi, wani lokacin kuma a yi wata da watanni sai ɗaya biyu kake gani, to ƙaura suke yi ko me? Kuma ta yaya mutum zai riƙa bin su har shekara ta zagayo, abin ya shiga raina sosai amma ba ni da komai sai idona da waya

Dattijo_AB:
Wa alaikumus salam ɗana. Ƙaura ce, kuma kashi biyu ce. Akwai shirwa mai rawayan baki, ita a cikin Afirka take yawonta, tana bin damina ta yi arewa in ruwa ya sauka fara da gina sun fito, rani ya yi ta gangara kudu. Akwai kuma mai baƙin baki da ke ƙyanƙyasa a Turai, ita sai sanyi ya matso can take tsallako Sahara, wajen Maris ta juya. Shawarata ka zaɓi waje ɗaya da kake ganin sama sosai kar ka riƙa canzawa, ka samu ɗan littafi kana rubuta kwanan wata da lokaci da nawa ka gani da inda suka nufa. Ka fito da hantsi, don sai rana ta gasa ƙasa iska mai ɗumi ta fara tashi sannan za ka ga sun buɗe fiffike suna zagaye suna hawa sama ba ko kaɗawa, in sun yi can ƙololuwa sai su sulale gaba su nemi wata iskar

Ummu_Hanan:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a yi hattara da maganar baki nan fa, ƙaramar shirwa mai rawayan baki ita ma bakinta baƙi ne kafin ta girma, mutane da yawa na rikicewa a nan. Ni abin da ya fi burge ni wlh shi ne yadda suke gudun teku, saman ruwa babu wannan iska mai ɗaga su shi ya sa suke taruwa a mashigar Jibralta inda tsakanin Sifen da Maroko bai wuce kilomita 14 ba, sannan a Batumi ta ƙasar Jojiya masu ƙirga kan ƙirga irin waɗannan tsuntsaye sama da miliyan ɗaya a kaka guda, mutane ne ke zama kan tudu tun safe suna ƙirgawa har yamma. Amma ɗan shahon Amur shi kam bai damu ba, daga Sibiriya yake tasowa ya yada zango a Nagaland ta Indiya ya ƙetare teku ya shigo Afirka, ɗan mitsitsi da shi

Mai_Kallon_Sama:
Ikon Allah! Na gode ƙwarai Baba, na gode Yaya. To in suna can sama ya zan bambance su, duk baƙaƙe nake ganinsu

Dattijo_AB:
Kar ka bi launi, bi siffa. Shirwa jelarta a tsage take kuma tana murza ta hagu da dama tana tuƙi da ita. Shaho fiffikensa masu tsini ne yana kaɗa su da sauri. Gaggafa kusan ba ta da jela, tana tafe tana tangaɗi kamar mai tafiya kan igiya, ƙaramarta kuma ruwan ƙasa ce, sai ta shekara 7 zuwa 8 kafin ta yi baƙi da jar fuska. In ka samu hali ka sayi madubin hangen nesa, mai lamba 8x42 a jikinsa ya ishe ka

Ummu_Hanan:
Ka sauke manhajar rubuta bayanan tsuntsaye mai suna eBird a wayarka kana saka abin da ka gani, masu bincike na amfani da shi. Kuma dan Allah har ungulu ka riƙa ƙirgawa, tun 2015 aka saka ta cikin masu dab da ƙarewa saboda guba da farauta, ni kam abin na damuna matuƙa. In ka gano sheƙa ka tsaya nesa, uwar in ta tashi ta bar ƙwai a rana ko hankaka ya samu, an yi asarar shekara guda ke nan, kuma kar ka faɗa wa kowa inda take