Haya, ciwon haƙori da yaren Welsh: mazauna Wales, ya kuka yi da naku?

Maman Biyu (Cardiff):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai kaina ya ɗau zafi shi ya sa na ce bari in tambaya ko akwai wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekara uku kenan muna Cardiff, ina aikin kula da tsofaffi, maigida yana dutin dare a sito. Mai gidan da muke haya ya ƙara kuɗi, ga harajin kansil ga wuta ga gas, ga 'yan gida kullum waya saboda tunda fam ta wuce naira 2,000 a 2024 kowa gani yake kuɗi muke shara a titi. To sai ga wani gidan tsofaffi a wajen Caernarfon, can arewacin Wales, sun ce za su ɗauke ni, haya can ta fi sauƙi sosai, amma matar da ta min intabiyu ta ce yawancin mazauna gidan Welsh suke yi ba Turanci ba, kuma makarantar da yara za su shiga ma da Welsh ake koyarwa. Ana cikin haka haƙorina na ƙasa ya taso, sati biyu kenan kanumfari nake cusawa ina shan farasitamol, na kira wurare sun fi goma kowa sai ya ce ba sa ɗaukar sababbi a NHS, wato tsarin lafiya na gwamnati, sai dai in biya na kuɗi. Wlh wani daren sai in zauna a kicin in rasa da wanne zan fara.

Ɗan Zariya (Newport):
Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Fara da haƙorin, mai ciwon haƙori ba ya iya lissafi. Kira 111, layin wayar NHS, ki gaya musu tsakani da Allah yadda yake hana ki barci, in akwai kumburi ki faɗa, su za su haɗa ki da na gaggawa. Ni haka na yi a ƙarshen 2024, fam 30 na biya aka duba aka sa ciko na wucin gadi. A lokacin farashin NHS a nan Wales hawa uku ne, fam 20 dubawa da hoto, fam 60 in ciko ne ko cirewa, fam 260 in za a sa hula ko haƙorin roba. Ki duba ko sun canza yanzu kafin ki je. Maganin da aka rubuta min kuma ko sisi ban biya ba don a Wales kyauta ne tun 2007, ba kamar Ingila ba. Sannan ki sa sunanki a Dental Access Portal, layin jiran likitan haƙori ne na Wales baki ɗaya, ya fi ki yi ta bin asibitoci ɗaya bayan ɗaya.

Uwar Gida (Swansea):
Ƙanwata ki ji maganar Malam. Ni na yi kuskuren jira, na ce zai lafa, wata huɗu ina fama da ruwan gishiri har ya ruɓe ya kai jijiya. Da na je na kuɗi suka ce ko wankin jijiya da hula, kuɗin ya kusa hayar gidanmu ta wata guda, ko cirewa. Na ce a cire. Har yau in na tuna raina ɓaci yake don da na je da wuri ciko kawai za a yi. Abin da ya fi min ciwo ma daga baya na gane lokacin ina cikin shekarar haihuwa, kuma mai ciki da wadda ta haihu ba ta cika wata 12 ba kyauta ake musu a NHS, ba wanda ya gaya min, ni ma ban tambaya ba. Yara 'yan ƙasa da 18 ma kyauta ne, don haka ki sa naki biyun a layi tun yanzu.

Bafulatanin Bangor:
Adda, ni ina arewar da kike maganar, shekara biyu da rabi, kuma aikinmu ɗaya. Zan faɗa miki yadda na same shi.

Gaskiya ne Gwynedd, yankin da Bangor da Caernarfon suke, ba Cardiff ba ce. A ƙidayar 2021 kusan kashi 64 cikin 100 na mutanen nan sun ce suna jin Welsh, a Wales gaba ɗaya kuwa bai kai kashi 18 ba, kuma a Caernarfon a kanti, a bas, a filin wasan yara duk shi za ki ji. Satina na farko akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa, Turancin da ta yi rayuwarta da shi duk ya gudu saura yaren da uwarta ta yi mata, tana ta maimaita "dŵr, dŵr" ni kuma ina ta gyara mata filo ina tsammanin kwanciyar ce ba ta mata daɗi ba, ashe ruwa take so. Da abokiyar aikina ta zo ta miƙa mata kofi sai na ji kamar in nutse. A daren na yi rajista da Dysgu Cymraeg, shirin koya wa manya Welsh, matakin farko da suke ce wa Mynediad, ta intanet sau ɗaya a sati, kuma wurin aikin ne suka biya min, ki tambayi naki tun kafin ki sa hannu.

Ba wai na iya ba ne har yanzu, amma bore da wato ina kwana, diolch wato na gode, paned wato kofin shayi, poen wato ciwo, nain da taid kaka mace da kaka namiji, waɗannan kaɗai sun canza yadda tsofaffin ke kallona. Abin da Turawan ajinmu ke kuka da shi shi ne yadda farkon kalma ke juyawa, Caerdydd wato Cardiff ta koma yng Nghaerdydd, Cymru wato Wales ta koma yng Nghymru in za a ce "a cikin", ni kuwa da na tashi da Pullo da Fulɓe a Yola ban ga baƙon abu ba. Namiji da mace a suna ma akwai kamar Hausa, aikatau kuma a gaba yake zuwa kamar yadda muka koya a Larabcin islamiyya. Harafin ll ne dai ya ba ni wuya, sai da na yi wata ina hura iska ta gefen harshe. Ki kula ki zaɓi ajin arewa, don madara a nan llefrith ce, a kudu llaeth.

Maman Biyu (Cardiff):
Allah ya saka da alheri, na kira 111 ɗin yanzu sun ce za su neme ni. Yaya na Bangor yaran fa? Babbar tana da shekara 8, Turancin ma da ƙyar ta kama, Hausa kuma ina ta fama kar ta zube, yanzu in ƙara mata na uku?

Bafulatanin Bangor:
Nawa yaron shekararsa 7 lokacin da muka zo. Gwynedd suna da cibiyoyin koyon yare da ake kai sababbin zuwa na wasu makonni kafin su koma ajinsu sosai. Watan farko ya yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, ni ma na yi ta tunanin ko na zalunce shi. Yanzu shi ke gyara min aikin gida na aji. Hausa da Fulatanci kuma doka ce a gidana, da an shigo ƙofa su ake yi. Abincin rana na firamare kyauta ne a duk Wales, nan ma haka.

Malam Mai Lissafi (Wrexham):
Ni ta ɓangaren kuɗin zan shigo don na tashi sau biyu kuma duk biyun sun ci ni fiye da yadda na zata. Hajiya kar ki kalli bambancin haya kawai. Sabon difozit za ki biya da hayar wata guda kafin tsohon ya dawo hannunki, ga motar kwasar kaya, kuma Cardiff zuwa Bangor a jirgin ƙasa ya fi awa huɗu har ta cikin Ingila ake ratsawa, ba tafiyar je-ka-dawo ba ce da za ki riƙa leƙa gida kina dawowa. In gidan tsofaffin a ƙauye yake sai da mota. Aikin maigida fa, an samu ko sai an je? Don albashi ɗaya a gida mai araha zai iya fin albashi biyu a gida mai tsada matsi. Sai babbar magana, in bizarki a ɗaure take da wurin aikinki na yanzu to sabon wurin sai ya ba ki takardar ɗaukar nauyi kin sake nema an amince kafin ki fara, kar ki ajiye aiki da alƙawarin baki.

Kuma kar tsoron mai gida ya sa ki gaggawa. Tun Disamba 2022 dokar haya ta Wales ta ce in ba laifi kika yi ba notis ɗin tashi wata shida ne, ƙarin haya ma sai da notis a rubuce. Ni Shelter Cymru, ƙungiyar taimakon masu matsalar gida, na kira suka bi kwantiragina layi layi ba su karɓi komai ba, Citizens Advice masu ba da shawara kyauta kuma suka taya ni tsara basussukan da suka taru.

Uwar Gida (Swansea):
Maganar 'yan gida kuma ƙanwata, ni sai da na zaunar da yayanmu a waya na karanto masa haya da wuta da abinci ɗaya bayan ɗaya ya yi shiru. Yanzu abin Inna ne kawai ke fita duk wata, saura sai in an samu. Mu shida a nan muna adashe, kwasata ta bara ita ta biya min difozit. In kina so ki shiga zagaye na gaba akwai gurbi, ko kin koma arewa ba matsala tunda ta banki ake turawa.

Maman Biyu (Cardiff):
Sun kira, gobe ƙarfe 9:40 na safe. Na karanta wa maigida duk abin da kuka rubuta, ya ce zai fara neman aiki a wajen Bangor, in bai samu ba kafin ƙarshen zangon makaranta za mu ƙara shekara a nan. Na tura wa matar imel ina tambayar takardar biza da kuɗin ajin Welsh ɗin. Anti ki sa ni a adashen don Allah, amma rabin hannu zan iya yanzu. Yaya na Bangor, ajin naku wace rana ce, kuma ana iya shiga a tsakiyar zango?