Yaro a aji na ya daina magana, dan Allah ku bani shawara

Malamar CE1, Mora:
Assalamu alaikum yan uwa. Ni ina koyar da CE1 ne, wato aji uku na firamare, anan Mora a arewacin Kamaru, kuma kun san yadda makarantun mu suka koma tun da mutanen bakin iyaka suka fara gudowa saboda hare haren Boko Haram, yaran Kolofata da Kerawa da Amshide sun cika mana azuzuwa har wasu a kasa suke zama dan benci baya isa. Akwai wani yaro da zai kai shekara tara, kakarsa ce ta kawo shi, tace babansa ya rasu a daren da aka shiga kauyen su. Baya magana kwata kwata, in na kira sunansa sai ya sunkuyar da kai, amma da mashin ya wuce da karfi ko wani ya buga kofa sai ya shige karkashin tebur jikinsa na rawa, wani lokacin har fitsari ya kubce masa yara suyi ta dariya. In an fita rekire, wato hutun tsakiyar darasi, kuma wani ya taba shi ko da wasa ne sai dambe. Wani abokin aiki na yace taurin kai ne in sa masa bulala, kakar kuma tace iska ne suna bashi rubutu. Ni dai raina bai kwanta da dukan ba, amma ko harafi daya baya rubutawa a allo. Ya zanyi dashi?

Baban Amira, Garwa:
Wa alaikumus salam malama, Allah ya jikan mahaifinsa. Ni ba malami bane, uba ne, kuma mu da bulala aka raine mu. Tsoro na shine in kika kyale shi yana dukan yaran mutane sauran zasu ga kina nuna bambanci, gobe iyaye su zo miki da fada. Tausayi daban, tarbiyya daban.

Tsohon Direkta, Marwa:
Baban Amira maganarka akan yaran mutane gaskiya ce, amma bulala ba ita bace maganin wannan. Yata ki ajiye ta. Ko a doka ma, dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta hana dukan dalibi, sai dai mu malamai muna yi kamar bamu sani ba.

Ina aiki lokacin da bama bamai suka tashi anan Marwa a Yulin 2015, a babbar kasuwa da unguwar Barmare, da aka koma makaranta a Satumba munga irin wannan da idon mu. Yara masu kokari suka koma kamar ba su ba, wani bacci a aji saboda baya runtsawa da dare, wani kuka ba dalili, wani fada. Hausawa sun riga sun fada, wanda maciji ya sara in yaga tsumma sai ya gudu. Yaron nan jikinsa bai san an bar wancan daren ba, kullum a shirye yake ya gudu ko ya kare kansa ko ya daskare wuri daya, kuma ba shi yake zaba ba, zuciya ce take bugawa kafin tunani yazo. Ki tuna maharan nan akan mashin suke shiga kauyuka da dare, to me kike so yaji in mashin ya wuce? Kwakwalwar da take gadi bata daukar karatu, in kika daga masa bulala kin tabbatar masa cewa nan ma ba wurin aminci bane.

Abinda yake bukata babba guda daya ne da baya canza masa fuska. Ki gaishe shi da sunansa a bakin kofa kowace safiya ko bai amsa ba, ki zaunar dashi kusa dake inda yake ganin kofa kada a rika bullo masa ta baya, in zaki buga tebur ko za a kada kararrawa ki fada tukuna. Ki bashi dan aiki da ya zama nasa, goge allo ko raba alli, yaron da aka ba amana yakan fara jin shi ma mutum ne a wurin. In ya shige karkashin tebur kada ki jawo shi, ki durkusa ki sassauta murya kice mashin ne ya wuce, kana makaranta, ina nan. In ya doki wani kuma ki raba su, ki bari ya huce sannan ki fada masa a gefe cewa duka ba a yinsa anan, ya gyara abinda ya bata. Hukunci yana nan, wulakanci ne babu.

Anti Mokolo:
Baba Direkta ya gama magana wlh. Na taba aiki da yara a sansanin Minawawo, wanda aka bude a 2013 saboda yan gudun hijirar Najeriya, abu daya zan kara, dan Allah kada ki matsa masa ya baki labarin abinda ya gani. Mutane suna dauka in ya fada zai samu sauki, amma in aka tilasta shi kamar an maida shi cikin daren ne. Ki bashi takarda da fensir, ki sa shi cikin kwallo ko waka ko langa, in ya zana bindiga kada ki firgita ki yage, kice masa kawai na gani. Sannan kin tabbata yana jin Faransanci? Da yawan su Kanuri ko Mandara ko Mafa suka tashi dashi, ko Fulatanci ma sai a hankali, ki nemo yaro mai hankali dan yaren su ki hada su benci daya.

Kakar kuma kada ki raina rubutun ta, addu'a tana kwantar mata da hankali kuma hankalinta in ya kwanta nasa ma zai kwanta, ki je gidan ki gaishe ta ki tambayi yadda yake bacci da cin abinci. Amma in kika ga ya daina ci, ko yana ji ma kansa ciwo, ko yana faduwa yana suma, ko watanni sun wuce abin sai karuwa yake, to ku kai shi asibiti a duba shi, wannan yafi karfin malami.

Metir (Malam), Kusiri:
Duk naji kuma na yarda, amma a fadi gaskiya, aji mai yara sama da dari malami daya, wani ma iyaye ne ke biyansa ta APEE, kungiyar iyaye da malamai, sai ya dade bai ga ko dala ba, ina zai samu natsuwar durkusawa gaban tebur? Mu nan bayan rikicin Logone Birni na Disamban 2021 tsakanin kabilar Musgum da Larabawan Shuwa, mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi, da suka dawo sai ga dan Musgum da dan Shuwa a benci daya kowa da abinda yaji a gida. Mu malaman ma wasu gudu mukayi, wani har yau in yaji kara sai ya zabura, shine kuma ke huce haushi akan yara. Abinda ya taimake mu shine zama da muke yi mu kadai bayan an tashi, mu sha shayi kowa ya fadi yaron da ya dame shi, a raba su, kai rike wannan ni na rike wancan. Malama kada ki dauka ke kadai, ki sa direktan ku a ciki tun yanzu.

Malamar CE1, Mora:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri. Anti kin tuna min, kakar da Kanuri take masa magana, zan nemi wanda zan hada su. Saura yaran da suke masa dariya in fitsarin ya kubce, ya zanyi dasu ba tare da na tona masa asiri ba?

Tsohon Direkta, Marwa:
Ki roki kakar ta kawo wando daya ki ajiye a jakarki, ki kuma bashi izinin fita bayi ba sai ya daga hannu ba. In abin ya faru ki aike shi waje kamar wani sako kika bashi, ki cigaba da darasi. Ranar da baya nan kiyi ma ajin magana ba tare da kiran suna ba, ki tambaye su waye a cikin su bai taba jin tsoro da dare ba. A Mora inaga hannu kadan ne zai tashi.