Ɗalibaina sun ce Othello sakarai ne, ta ina zan ɓullo?

Malamar Adabi, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina koyar da adabin Turanci a wata sakandare nan Katsina, bana Othello na Shakespeare muke karantawa. Jiya muna cikin kashi na 3, inda Iago, ɗaya daga cikin sojojin janar Othello, ke zuga shi cewa matarsa Desdemona tana cin amanarsa da wani hafsa mai suna Cassio, har ya ce ya ga hankicinta a hannun Cassio, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, janar guda, a kan hankici zai kashe matarsa? Ai sakarai ne." Aji ya kwashe da dariya. Abin ya tsaya mini a rai, don in ba su ji tausayinsa ba, wasan ya mutu a hannuna.

Tsohon Malami, Daura:
Wa alaikumussalam, Malama. Ki mayar da su kashi na 1. Othello baƙo ne a birnin Venis na Italiya, baƙar fata. In yaƙi ya taso shi ake nema, amma da ya auri Desdemona a ɓoye, ubanta Brabantio ya kai ƙara majalisa wai asiri ya yi mata. Da zai fita kuma ya jefa masa magana, cewa wadda ta yaudari ubanta za ta iya yaudarar mijinta. Wannan maganar Iago ya tono daga baya, sai ta sami wurin zama a zuciyar mutumin da dama bai yarda ya zama ɗan gari ba. Hankicin ma ba na kasuwa ba ne. Shi ne kyautarsa ta farko gare ta, ya ce wata Bamisriya ce ta ba mahaifiyarsa.

Maman Khalifa, Rafindaɗi:
Baba, a gafarce ni, ni tausayina na wajen matan. Desdemona tana kan gado tana roƙon Othello ya aika a kira Cassio a tambaye shi, ya ƙi saurara, ya shaƙe ta. Emilia kuwa, da hannunta ta tsinci hankicin ta miƙa wa mijinta Iago, ba ta san me zai yi da shi ba. Da ta gane ta tona, ya soke ta. Yarinyar nan tana da hujja, Malama, kar ki rufe mata baki.

Malamar Adabi, Ƙofar Marusa:
Na gode, Allah ya saka. Ran Litinin zan zo da farin hankici, mu ture bencina mu yi wasan a tsaye. Yarinyar nan zan ba Othello, in sa aminiyarta ta zama Iago tana raɗa mata a kunne.